Alasho ɗan Kura: Shuɗin da ya gagari ranar Arlit

Tubarkalla masha Allah! In ana batun tufa a ƙasar Abzin, ni dai a wurina alasho ɗan Kura ba shi da na biyu. Shadda ta yi kyau, leshi ma ba laifi, ba na ƙin kowanne. Amma ranar Sallah a Arlit, in aka sauko daga idi ka ga dattijo ya naɗa sabon alasho, rana na dukansa shi kuma yana mayar mata da wani ƙyalli ja-ja irin na tagulla, to ka san an rufe babin ado. Daga nesa baƙi ne, ka matso ya zama shuɗi mai duhu, mai shi ya ɗan juya kai ka ga shunayya ta gilma. Wane yadi ne zai yi maka wannan?

Na daɗe ina son wannan ƙyalle da ido kawai. Da na bi diddigin abin da masana sinadarai suka gano game da shunin da ke jikinsa, sai son ya ninka. Launinsa, da ƙyallinsa, da juriyarsa ga rana, duka daga wuri guda suka fito, wato yadda ilektaron suka zauna a cikin ƙwayar shuni. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara kallon rawani yadda ya saba ba.

Daga Kura zuwa Abzin

Kura gari ne a kudu da birnin Kano, kuma sunansa ya bi wannan ƙyalle har cikin Sahara. Da zaren auduga siriri ake saƙa shi, ƙyalle-ƙyalle sirara waɗanda faɗin kowanne bai wuce na yatsu biyu ba, sannan a ɗinke su gefe da gefe. Saƙar shara-shara ce, iska na ratsa ta, shi ya sa mutum zai rufe baki da hanci da ita a cikin zafi bai ji ya takura ba. Yawan ƙyallayen da aka haɗa shi ke nuna daraja, shi ke yanka kuɗi. Daga hannun maɗinki sai marina, a tsoma a tsame a shanya, a sake tsomawa, har shuɗin ya yi duhu ya doshi baƙi. Daga nan sai mabuga. A can ake sa masa garin shuni da ɗan maiƙo, a ɗora a kan gungume a yi ta dukansa da gudumar itace har ya ɗauki sheƙi, sannan a ninke shi tsaf a naɗe cikin takarda.

Cinikin nan ya girmi kakannin kakanninmu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Agadas a 1850, ya isa Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa rinannen yadin Kano yana kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, yana kaiwa Tambutu ta yamma. Ayarin Abzinawan Kel Ewey kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su gangara Damagaram da Kano, su komo da gero da turkuɗi. Arlit kuwa garin jiya-jiya ne. An kafa shi a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da kaya a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978 tare da garin Akokan, har zuwa lokacin da aka rufe raminsa na Akuta a watan Maris na 2021. Ma'aikata sun zo daga kowace kusurwa da hular kwano da takalmin aiki, amma ranar biki ko ɗaurin aure, alasho ne dai ke fitowa daga akwati. Haka yake a bikin Biyanu na Agadas, haka yake a taron Ingal bayan damina. Maza su naɗa, mata su yafa.

Me ya sa shuɗi?

Hasken rana da muke gani fari, gaurayen launuka ne, bakan gizo ya ishe mu shaida. Kowane launi da tsawon zangonsa, ana auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a kasa ta kashi biliyan. Idon ɗan Adam yana gani daga wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Haske mai gajeren zango ya fi ƙarfi, mai dogon zango ƙarfinsa kaɗan ne. Aikin rini shi ne ya haɗiye wani sashe na hasken, abin da ya rage ya dawo ido. Shuni yana haɗiye ruwan goro, wajen nanomita 600 zuwa 610, ragowar da ke dawowa ita muke kira shuɗi.

To me ya sa ruwan goro ya zaɓa? Nan ne ilektaron suka shigo. Kowace ƙwayar sinadari, wadda masana ke kira molekul, taron atam-atam ne da ilektaron suka ɗaure. Ilektaron ba ya ɗaukar kowane irin ƙarfi ya ga dama, matakai gare shi ƙayyadaddu. Akwai matakin ƙarshe da ke cike, akwai na farko da ke wofi a samansa, tsakaninsu kuma da tazara. Hasken da ƙarfinsa ya yi daidai da wannan tazara shi kaɗai ake haɗiyewa, ilektaron ya yi tsalle da shi ya hau sama. In tazarar ta yi faɗi, sai haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani ne zai iya cike ta, abin kuma ya fito ba launi. Shi ya sa auduga fara ce. Ilektaron ɗinta a ɗaure suke tamau kowa a gurbinsa, hasken da muke gani ba ya iya motsa su, sai ta watso shi gaba ɗaya.

Kafin tazarar ta ragu sai ilektaron sun sami filin yawo. Wannan na samuwa in atam ɗin kabon suka jeru ana ɗauri ɗaya, ɗauri biyu, ɗauri ɗaya, ɗauri biyu, bi da bi. Ilektaron na ɗauri biyun ba sa zama wuri guda, sai su bazu a tsawon jerin. Duk wanda ya taɓa riƙe molo ya san doguwar tsirkiya ta fi gajera kaurin murya, in ka danne ta ka gajarce ta kuma sai muryar ta yi sama. Haka ilektaron yake: in filin ya yi tsawo, zangonsa ya miƙe, ƙarfin da yake bukata ya ragu. Wani masani ɗan Siwizalan, Hans Kuhn, ya mai da wannan tunani lissafi a 1949, ya kuma yi daidai da abin da aka auna a wasu rinuka. Ga misali da lambobi. Iskar etilin mai ɗauri biyu guda ɗaya tana haɗiyar haske wajen nanomita 170. Butadiyin mai guda biyu, 217. Duk ido ba ya ganinsu. Sai an kai ga sinadarin karotin na cikin karas, mai kabon 40 da ɗauri biyu har 11 a jere, sannan ake isa wajen 450, ya haɗiye shuɗi ya bar mana ruwan goro.

Yanzu ka dubi gwanin nawa. Ƙwayar shuni kabon 16 kacal gare ta, da haidirojin 10, da naitirojin 2, da oksijin 2. Ko rabin karotin ba ta kai ba, amma ta wuce shi ta kai 600! Kai, wannan abu da ban mamaki yake. Sirrin yana tsakiyarta. Ɓari biyu ne iri ɗaya, an haɗa su da ɗauri biyu guda ɗaya a tsakiya. A kowane gefe na wannan ɗauri akwai naitirojin mai ilektaron na rara, mai son bayarwa, akwai kuma oksijin mai kwaɗayin ilektaron, mai son karɓa. Masu bayarwa biyu, masu karɓa biyu, sun zauna a gicciye suna fuskantar juna. Mai bayarwa yana ɗaga matakin ƙasa, mai karɓa yana sauko da na sama, tazarar ta tsuke ba tare da an bukaci dogon jeri ba. Tun 1876 Otto Witt ya lura cewa rini na bukatar gungun atam mai kawo launi da wani mai ƙara masa ƙarfi. A shekarun 1960 wasu Jamusawa biyu, Martin Klessinger da Wolfgang Lüttke, suka nuna cewa wannan ɗan tsakiyar, mai siffar harafin H, shi ne ke ɗauke da launin shuni, zobban da ke gefe gudummawarsu kaɗan ce.

Ka taɓa tsarin kaɗan, launi ya sauya. A cikin baba na ganye akwai ɗan'uwan shuni, indirubin, atam ɗinsu ɗaya ba ƙari ba ragi, amma an haɗa ɓarin biyun ta wata kusurwa daban. Shi ja ne mai shunayya, kuma yana cikin abin da ke ba rinin ganye wani ɗumi da shunin masana'anta ba shi da shi. Shunayyar sarakunan Rum, wadda ake tatsa daga dodon koɗin teku, shuni ce da aka maƙala wa atam biyu na buromin. Paul Friedländer ya tabbatar da haka a 1909, bayan ya tattara dodon koɗi 12,000 ya sami giram 1.4 tak. Mu kuwa Allah ya ba mu namu a ganye, a bayan gari.

Abin da ke faruwa a karofi

Ganyen baba kore ne shar, ba ɗigon shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki sinadarin indikan ne marar launi, rabin ƙwayar shuni da sukari a maƙale. In aka daka ganyen ya jiƙu, sukarin ya ɓalle, iska ta haɗa rabi da rabi, shuni ya samu. Sai dai shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. A nan basirar marina take. Su zuba baba a karofi da ruwa da toka da katsi, su bar shi kwanaki yana tsima. Ƙananan halittun da ke cikin ruwan su cinye iskar oksijin, su miƙa wa kowace ƙwayar shuni ilektaron biyu. Da ta karɓa, oksijin ɗinta ya ƙoshi ya daina ja, ɗaurin tsakiya ya saki, tazarar ta buɗe. Ƙwayar ta koma haɗiyar haske wajen nanomita 400, ta zama rawaya-rawaya, ta kuma narke a ruwan toka.

Wallahi duk wanda bai taɓa tsayawa bakin karofi ya ga an tsamo zane ba, ya yi asarar kallo. Zanen zai fito kore-kore mai ɗorawa, kana tsaye kana kallo iska ta karɓe ilektaron biyun nan, ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Ƙwayar da ta shiga zare a narke ta daskare a ciki, ba hanyar fita. Marini bai taɓa jin sunan ilektaron ba, amma daga wari da kumfar saman ruwa ya san ko karofi ya yi ko bai yi ba. A Turai, Adolf von Baeyer ya fara bin shuni a 1865, bai gano tsarinsa ba sai 1883, aikin da ya taimaka masa ya sami kyautar Nobel a 1905. Kamfanin BASF ya fito da shunin masana'anta kasuwa a 1897, cikin ƴan shekaru gonakin baba na Indiya suka durƙushe. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ta riga su iya sarrafa wannan ƙwaya da ƙarnuka.

Ƙyalli da juriya

Sheƙin tagulla shi ne abin da ya fi tafiya da hankalina, kuma shi ma aikin ilektaron ne. In rini ya yi kauri ƙwarai a saman abu, saman kuma ya yi sumul, launin da ƙwayar ta fi haɗiya shi ne kuma wanda fuskar ta fi mayarwa kai tsaye. Shuni kuwa ɓangaren ruwan goro da ja yake haɗiya. Don haka hasken da ya shiga cikin zare ya fito yana zuwa maka da shuɗi, wanda ya daki fuskar ya dawo yana zuwa da ja-ja. Launuka biyu daga ƙwaya ɗaya, ya danganta da inda ka tsaya. Aikin mai bugu ke nan: ya danne garin shuni ya shimfiɗa shi har ya zama fuska mai santsi. Ƙwayar shuni a baje take ba tudu ba kwari, shi ya sa take kwanciya a kan ƴar'uwarta lafiya lau in guduma ta sauka. Ko wannan kusantar juna tana taɓa launi. Tururin shuni, inda kowace ƙwaya take ita kaɗai, ja ne mai shunayya, daskararrensa kuwa shuɗi ne mai duhu.

Sai batun rana. Mutanen Arlit ba sa bukatar a ba su labarinta, da bazara zafi yana haura digiri 40, gajimare kuwa sai an yi sa'a. Rinuka da yawa koɗewa suke, domin ilektaron da ya hau sama in ya daɗe a can, ƙarfin da ya ɗauka yana iya tsinka ɗauri ya wargaza ƙwayar. Shuni ba ya ba da wannan dama. Haidirojin na jikin naitirojin yana dab da oksijin na ɗaya ɓarin, yana riƙe da shi, shi ne ma ya hana ƙwayar murɗewa. Masu bincike sun nuna cewa da haske ya shiga, haidirojin ɗin yakan zabura ya koma wajen oksijin ya dawo, ilektaron ya sauko, ƙarfin ya zama ɗumi kawai. Duk wannan cikin ƴan kasoshi na daƙiƙa in an raba ta tiriliyan. Kafin ɓarna ta fara an gama. Shaida tana nan a ƙasa: an tono rinannun tufafin mutanen Tellem a kogunan Bandiyagara ta Mali, na wajen ƙarni na 11 da na 12, da shuɗinsu. A Huaca Prieta ta ƙasar Peru an sami auduga mai shuni da ta kai shekara 6,000. Wandon jins ma da kake gani ya yi fari a gwiwa, guga da wanki ne suka kankare shuninsa, ba rana ba.

Rawayar garinmu

Ɗan Arlit yana da wani launin da ya sani, rawayar garin yuraniyom da ake durawa a ganguna. Dutsen da ake haƙowa a Arlit mai duhu ne, yuraniyom ɗin cikinsa kuma ba ya narkewa da sauƙi. A masana'anta ana sa masa ruwan asid da sinadarin da zai ƙwace masa ilektaron biyu. Da ya rasa su sai ya kama oksijin biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ya narke. A wannan sabon zama, haske shuɗi na wajen nanomita 420 ya isa ya ɗauke ilektaron daga oksijin ya kai shi kan yuraniyom, shuɗin ya tafi, rawaya ta rage. Ka ga ikon Allah: marini yana ba shuni ilektaron biyu don ya narke, injiniya yana karɓe wa yuraniyom ilektaron biyu don ya narke, kowanne kuma launi ne ke sauya masa a hannu. Kafin duniya ta san ƙarfin nukiliya, masu gilashi da tangaran a Turai don wannan rawayar suke sayen yuraniyom. A kula dai, launin daga ilektaron na waje yake, tururin yuraniyom mai illa kuwa daga cibiyar atam yake fitowa, kuma ba shi da launi. Ido ba ya gane ƙarfen da wannan tururi ya gurɓata, sai na'ura.

Aibinsa, in aibi ne

Alasho yana zuba, wannan ba a ɓoye yake ba. Goshi ya yi shuɗi, kumatu su yi, wuyan riga ma ya samu rabonsa. Dalili kuwa shuni ba ya ƙulla ɗauri da auduga, maƙalewa kawai yake tsakanin zaruruwa, garin da aka buga a sama kuma ba abin da ke riƙe da shi sai dannewa da maiƙo. Lalle ba haka yake ba, sinadarinsa ƙulluwa yake da furotin na fata, shi ya sa ba ya fita sai fatar ta sake. Amma a Abzin wa ya ce shuɗin goshi dauɗa ne? Ado ne, alamar an sa na gaske. Turawa ma daga nan suka laƙaba wa Abzinawa sunan shuɗɗan mutane. Ba a jefa shi cikin ruwan wanki, in ka yi haka ka zubar da aikin mai bugu. A kakkaɓe shi, a ninke, a mayar cikin takardarsa. Tsada kuma yana da ita, sabo mai yawan ƙyalle sai masu hannu da shuni, ko wanda ya daɗe yana tari. Rawunan masana'anta masu rahusa sun cika kasuwar Arlit, kuma sun isa zirga-zirgar yau da kullum. Ranar fita kunya kuwa, araha ba ta ado.

Hukuncina a taƙaice: maki goma bisa goma, da akwai sama da haka da na ƙara. Ga malamanmu na kimiyya a makarantun Arlit da Akokan, da Jami'ar Agadas, da makarantar ma'adinai ta EMAÏR, ina roƙo a shigo da alasho cikin aji. A haɗa da kofin zoɓo, a matsa masa lemun tsami yara su ga ja ya ƙara haske, a jefa kanwa su ga ya yi duhu, sannan a gaya musu tazarar ilektaron ce ke buɗewa tana tsukewa. Yaron da ya ga darasi a kan rawanin kakansa ba zai manta ba. Kai kuma mai karatu, in Allah ya hore maka, ka nemi ɗan Kura na ainihi ka saya, ka biya ba tare da dogon ciniki ba. Kuɗin nan ne zai sa masaƙi da marini da mai bugu su koya wa ƴaƴansu sana'ar.